Wilin baya ya lalace a Mundu, an ce kaya sai daga Duwala: in ci gaba da jira?

Matafiyi daga Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san keke kuma suka san hanya. Mu biyu muka taso daga Garwa a kan keke, muka bi ta Figil, Lere, Pala da Kelo, yanzu muna Mundu. Niyyarmu mu bi ta Tuboro mu hau Ngaundere, daga can mu gangara gida.

Wilin bayan kekena ne ya kawo matsala iri biyu. Ta farko, in na taka feda wani lokaci sai ta juya a banza, haƙoran baya suna juyawa amma taya ba ta tafiya, sai na sake takawa sau biyu ko uku kafin ta kama. Ta biyu, rim ya tsage a bakin ramin sifok (wayoyin da ke riƙe rim) guda uku, duka a ɓangaren sarƙa.

Ga yadda keken yake: firam na ƙarfe, taya 700x38, sifok 36, giya 9 a baya (haƙora 11 zuwa 34), uku a gaba (48, 36, 26), birkin roba mai kama rim, hob (cibiyar wili) na Shimano. Kayana sun kai kilo 25, kusan duka a kariyar baya.

Mai gyaran da na samu ya ce sai an sauya wilin gaba ɗaya, zai sa a kawo daga Duwala cikin kwana huɗu. Na ba shi rabin kuɗi. Yau kwana takwas ke nan, kullum amsar ɗaya ce, kaya na hanya. Guzuri yana raguwa, abokin tafiyata yana da ranar komawa aiki, ga hadari ya fara haɗuwa da yamma. In ci gaba da jira, ko akwai dabarar da za ta kai ni Ngaundere?

Mai gyaran keke, Marwa

Wa alaikumus salam ƙanena. Sannu da hanya. Abu na farko, daina kallon abin a matsayin matsala ɗaya. Matsala biyu ce, kuma mai yiwuwa ɗaya daga ciki ba ta buƙatar a sayi komai.

Fedar da ke juyawa a banza, wannan aikin ƙananan harsunan ƙarfe ne da ke cikin gangar da kaset, wato jerin haƙoran giyar baya, ke zaune a kai. Su ne ke yin ƙarar "tik-tik" in ka daina takawa. Siririyar waya ce ke tura su su miƙe su kama haƙoran ciki. In ƙura ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar ƙaro, sai harsunan su kwanta su ƙi tashi. Tunda ka ce wani lokaci tana kamawa, na fi zaton datti ne, ba karaya ba. Hanyar Lere zuwa Pala da ƙurarta ta isa ta yi wannan.

Ga yadda za a duba. A cire wili. Ta ɓangaren hagu, wanda babu haƙora, a riƙe kon, wato notin da ke danne boris, da siririyar sifana lamba 15, a kwance notin da ke kulle shi da lamba 17. A zare aksul, sandar da wili ke juyawa a kai, ta dama. Shimfiɗa tsumma a ƙasa tukuna, domin boris za su zubo: guda 9 ne kowane ɓangare, girman kwata na inci. Ƙirga su, kada ka haɗa na dama da na hagu. Daga nan a zura makullin alan mai milimita 10 ta cikin ramin ɓangaren dama a kwance, gangar za ta fito gaba ɗaya. Akwai siririn wasa, wato zoben ƙarfe, a bayanta, kada ya ɓace. A bayan gangar akwai zoben roba, ɗaga shi a hankali da bakin allura. Tsoma gangar cikin kananzir ko gazuwal, kana juya ta da hannu, ka zubar, ka sake, har ruwan ya fito da haske. Ban da fetur, yana cin roba. In ta tsane, ɗiga mata baƙin mai mai tsabta ta bayan, kamar cokalin shayi ɗaya. Kada a cusa giris a wurin harsunan, shi ne zai sake liƙe su. Giris na boris ne kawai. In ka juya ta kana jin ƙarar ta fito tsaf, kuma ta ɗaya ɓangaren ta kulle gam, an gama. Aikin awa ɗaya ne zuwa biyu.

In bayan wanki tana ci gaba da sullewa, to harshe ya karye ko wayar ta tsinke. Ko a nan ba sai an je Duwala ba. Gangar hob ɗin Shimano mai giya 8, 9 da 10 na keken dutse faɗinsu ɗaya ne, kuma da yawa suna shiga wurin juna. Ka zagaya masu sayar da kekunan gwanjo, ka nemi mataccen wili mai sunan Shimano a hob, ka saya don gangarsa kawai. Ɗauki taka a aljihu ka gwada bayan da baya, haƙoran da ke kama hob su zo ɗaya.

Wurin mayarwa a kula da kon. In an ɗaure shi sosai, boris za su cinye kofin hob cikin kwana kaɗan, kuma kofi ba ya gyaruwa. A bar ɗan motsi kaɗan ƙwarai wanda zai ɓace in an ɗaure wilin a firam.

Sai rim, kuma a nan nake so ka nutsu. Tsaga iri biyu ce. Akwai wadda ke fita daga bakin ramin sifok, kamar taka. Wannan a hankali take ci, sanadinta nauyi da yawan ɗaurin sifok na ɓangaren sarƙa, domin su suka fi ɗaukar ja. Akwai kuma wadda ke bin gefen rim inda birki ke gogawa. Shafa gefen da yatsa: in ya lotsa kamar cokali, ko kana jin birki yana kamawa yana saki a wuri ɗaya, gefen ya fara buɗewa. Wannan ba a hawansa ko kilomita ɗaya, domin iskar taya ce ke tura shi, kuma ranar da zai fashe gaba ɗaya yake tafiya, ya kulle wili. Cire taya da tub da zaren da ke rufe kawunan sifok, ka duba ciki ma. In tsagar ta haɗa rami biyu ta ciki, rim ya mutu.

Abin da kake buƙata rim ne kawai, ba wili ba. Kada ka je kasuwa ka ce "na 28", za a ba ka abin da ba shi ba. Duba gefen tayarka za ka ga lamba kamar 40-622 ko 38-622. Wannan 622 ɗin shi ne ma'aunin gaskiya, da milimita. Manyan kekunan nan na dako da muka saba da su, irin su Phoenix, su ma 28 ake ce musu, amma nasu 635 ne. Tayarka ba za ta hau shi ba, nasu ba za ta zauna a naka ba, kuma rim ɗinsu na ƙarfe in ruwa ya taɓa shi birki ba ya ci. Na 26 kuwa 559 ne, robar birkinka za ta tsaya sama da shi da fiye da santimita 3, ba za ta kai ba. Abin nema: 622, rami 36, aluminiyam, mai gefen da birki ke kamawa. Wanda ake ce wa 29 shi ma 622 ne, amma yawancinsu na birkin faifai ne, ba su da gefen birki, ka lura. Je da tayarka a hannu ka gwada.

In an samu, kada a warware wilin duka. A jingina sabon rim da tsohon, ramin bawul daidai da ramin bawul, a ɗaure su da roba wuri uku. A sassauta dukan sifok zagaye biyu-biyu, sannan a riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya daga tsohon zuwa sabon. Saƙar ba za ta rikice ba. Sharaɗin shi ne zurfin rim biyun ya zo kusan ɗaya. In bambancin ya wuce milimita 2, sifok za su yi gajarta ko su yi tsawo su huda tub. Ramukan rim ba a tsakiya suke ba, ɗaya ya karkata dama ɗaya hagu, to kowane sifok ya shiga ramin ɓangarensa.

Ɗan kasuwa, Njamena

Malam mai gyara ya gama maganar ƙarfe. Ni zan yi maganar jiran kansa, domin a nan ne matafiyi ya fi yin asara.

Ɗan'uwa, koma wurin mai gyaran nan yau, cikin mutunci, ba da faɗa ba, ka nemi abu uku: sunan ajans ko motar da aka ba kayan, lambar takardar aike, da lambar wayar wanda ya saya a Duwala. Kayan da aka saya aka ɗora a mota yana da takarda, kuma ana iya turo hotonta ta WhatsApp cikin minti ɗaya. In babu ko ɗaya daga cikin ukun, to ba a sayi komai ba tukuna. Ba lallai ba ne mugunta. Sau da yawa wanda aka aika ya zagaya bai samu irinsa ba, shi kuma mai gyara yana jin nauyin gaya maka. Ka sauƙaƙa masa hanyar faɗin gaskiya. Ka ce masa, in bai samu ba babu laifi, a mayar da kuɗin ya zama ladan wankin hob da ɗaurin rim, saura ya dawo. Ka je da dattijo ɗaya, ko mai masaukinka ko wani daga masallacin da kake salla, a yi maganar a gabansa, a sa rana. Kwana biyu sun isa.

Ko da an saya ma, kwana huɗu daga Duwala zuwa Mundu lissafi ne na wanda bai aika kaya ba. Sai ya je Yawunde, ya hau jirgin ƙasan dare zuwa Ngaundere ko ya bi mota, sannan a nemi wata motar da za ta yi kusan kilomita 400 ta Tuboro, ta tsaya a iyaka. Kowane sauyin hannu yana iya cin kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa nake ganin kuskuren yana cikin inda aka ce a kawo kayan. Kai Ngaundere za ka. Kayan ma ta Ngaundere zai biyo. Me zai sa ya tsallaka iyaka ya zo ya same ka, alhali kai za ka tsallaka ka same shi? Ka nemi wani naka a Ngaundere, a aika da sunansa, ya karɓa ya ajiye. Ka rage wa kayan iyaka ɗaya da duwan (kwastan) ɗaya, kai kuma kwanakin jiran sun zama kwanakin tafiya.

Wanda zai saya maka, kada ka yi masa bayani da baki. Turo masa hotuna: lambar gefen taya, lambar da ke jikin hob wadda ke farawa da FH, kaset ta gefe yadda za a ƙirga haƙora, da ma'auni a ɗore tsakanin ƙafafun firam na baya ta ciki. Zai nuna 135 ko 130. Shi ma ya turo hoton kayan da ma'auni a kai kafin ya biya. A shagunan can da Faransanci za a yi ciniki: rim shi ne jante, sifok rayon, hob moyeu, gangar nan corps de roue libre. A naɗe rim da kwali biyu, a rubuta suna da lambar waya a jiki, domin a saman mota za a ɗaure shi a jibga buhuna a kai.

Maganar odar kaya daga Turai ta intanet, ka cire ta daga lissafi. Kuɗin jirgi kan fi kuɗin rim, kuma duwan yana lissafa haraji a kan kuɗin kaya haɗe da kuɗin dako. Bayan harajin shigowa akwai TVA, wato harajin sayen kaya. Kunshin kuma a Njamena zai sauka, kilomita sama da 450 daga inda kake.

Takardu. Ɗan Kamaru yana shiga Chadi ba biza tun da ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka, suka buɗe wa juna iyaka a 2017, amma zaman na wata uku ne, ba na har abada ba. Duba hatimin ranar shigarka. Chadi kuma tana da ƙa'idar baƙo ya yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 72 da shigowa. Mai wucewa ba a cika kula da shi ba, amma wanda ya kwana takwas a gari an san da shi. Ka je komisariya da ƙafarka, da fasfo ko katin ɗan ƙasa da hotuna biyu, ka gaya musu keke ne ya tsayar da kai. Zuwa da kai ya fi a zo a same ka. Katin allurar shawara ya kasance tare da takardun. In kana da rasiɗin keken, haɗa shi, za a iya tambaya a iyaka.

Kuɗi ɗaya muke ci, sefa, wannan sauƙi ne. Amma layin MTN ko Orange na gida ba shi ne ake aiki da shi a nan ba, Airtel da Moov ne, don haka in za a turo maka kuɗi ka shirya hanyar tun kafin aljihu ya bushe. A kasuwa in an faɗa maka farashi da Larabci da riyal, ka ninka biyar, kamar yadda muke ƙirga dala. Sannan ka ware kuɗin motar da za ta kai ku Ngaundere, kai da keke, ka sa a wani wuri dabam. Wannan ba na abinci ba ne, ba na gyara ba ne.

Mai tseren keke, Ngaundere

Sannunku. Na yarda da Yaya na Marwa a kan wankin hob, amma ina shakkar a samu rim 622 mai rami 36 shi kaɗai a Mundu cikin sauƙi. Abin da ya fi yawa a gwanjo cikakken wili ne, kuma yawancinsu na firiwil mai ɗauri ne, wato haƙora haɗe da gangarsu da ake murɗawa a jikin hob, giya 6 ko 7, ba kaset ba. In shi aka samu, ka saya, zai kai ka. Da babu gara ba daɗi. Sai dai ka san abin da ka saya.

Faɗin hob ya dace da firam. Tunda naka ƙarfe ne, hob mai 130 zai zauna a firam mai 135 in an ƙara wasa milimita biyu da rabi kowane gefe, muddin aksul ɗin yana da sauran tsawo. Da aluminiyam ne ba zan ce a matse shi ko a buɗa ba.

Sarƙarka ta giya 9 siririya ce, tana iya faɗawa tsakanin haƙoran firiwil mai 7. Sayi sarƙar giya 6, 7 ko 8, dukansu kusan faɗi ɗaya ne. Kada a ba ka ta keken dako, mai kauri, ba za ta wuce cikin derayer ba, wato abin da ke tura sarƙa daga giya zuwa giya. Naɗe taka ka ajiye tare da kaset ɗinka.

Madannin giya ba zai dace ba. Tazarar haƙoran giya 9 kusan milimita 4.35 ce, ta giya 7 milimita 5. Kowane danni zai gaza kaɗan, in ka yi uku ko huɗu sarƙa ta tsaya tsakanin biyu tana ƙara. Maganinsa ɗan madannin babban yatsa mara ƙarar danni, wanda kake turawa har sarƙa ta zauna. Ana samunsa a kan tsofaffin kekunan dutse, kuma yana aiki da kowace irin giya. In ba a samu ba, a daidaita waya yadda manyan haƙora uku za su zauna daidai, sauran ka yi da giyar gaba.

Abin da ba a mantawa: kusoshi biyu na jikin derayer masu alamar H da L. Dole a sake saita su a kan sabon wilin. In aka bar L yadda yake, ranar da ka nemi babbar giya a hawa derayer zai shige cikin sifok, ka rasa shi, ka rasa wilin, wataƙila har kunnen firam.

Firiwil yana da rauni ɗaya da ya shafe ka. Boris ɗin ɓangaren sarƙa suna can ciki nesa da firam, don haka aksul yana lanƙwashewa ko ya karye a ƙarƙashin kaya. Nemi mai aksul cikakke na noti, ba mai rami ba, ka sayi na biyu da kon ɗinsa ka sa a jaka, da sifana 15. Kuma ka rage kayan baya. Kilo 25 a kariya ɗaya shi ne ya tsaga rim ɗin farko. Ba abokinka kilo 6 ko 7, ɗaura wani a kan keke ta gaba, abin da ba a buƙata a ba mota ta kai Ngaundere.

Maganar hawa. Mundu tana kusan mita 400 sama da teku, Ngaundere ta haura 1,000. Yawancin firiwil 14 zuwa 28 ne. Da 26 a gaba da 34 a baya, zagayen feda ɗaya yana kai ka kusan mita 1.7. Da 28 zai zama mita 2, wato nauyin takawa ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Akwai firiwil mai babban haƙori 34, in ka gan shi ɗauka. In babu, wurin da ya yi tsauri sauka ka tura, kada ka miƙe tsaye kana dannawa a kan aksul irin wannan.

Za ka ji wani ya ce a ɗaure kaset da sifok da waya, feda ta daina sullewa. Yana aiki, amma feda ba za ta ƙara tsayawa ba muddin taya na juyawa, kuma in ka manta ka daina takawa derayer zai tsinke. Dabara ce ta kai wa ƙauye na gaba a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ba ta kilomita 400 ba. Gangaren dutsen da ke arewa da Ngaundere a hanyar Garwa kuwa, kada ka sauka shi sai da wili lafiyayye da sababbin robobin birki.

Game da hanyar Tuboro, ku tambayi direbobi da jandarmomi halin da ake ciki ranar da za ku tashi. Yankin ya sha fama da masu garkuwa da mutane. Ku fita bayan asuba, ku shiga gari kafin la'asar, ku kwana cikin mutane, ban da daji. Keken da ba ka amince da shi ba, ba a shiga wannan hanya da shi. In gyaran bai kwanta maka a rai ba, ɗora shi a mota. A cire feda da derayer a naɗe su, a sa guntun katako tsakanin ƙafafun firam inda aka cire wili don kada a matse su, kuma ka tsaya ka ga yadda aka ɗaure.

Ma'aikaciyar jinya, Kusiri

Ƙanena, kalma biyu a kan jikinka. Mundu a bakin kogin Logon take, ruwa kuma ya kusa, sauro zai yi yawa. Ku kwana cikin gidan sauro. In zazzaɓi ya zo, ka je a yi gwaji a ranar, kada ka ce gajiyar hanya ce. Ruwan sha a tafasa ko a sayi na roba mai hatimi. Wanda ya saba taka keke awa shida in ya zauna mako guda ƙafa tana yin sanyi, don haka ku riƙa karɓa-karɓa da keken abokinka, awa ɗaya da safe ba kaya. Ranar tashi kada ku ce za ku rama kwanakin da suka wuce, ku yi rabin abin da kuka saba. Shi kuma abokin, ku zauna yau ku sa ranar da in ta zo zai wuce ko ku hau mota tare, kada maganar ta tsaya a zuci.

Matafiyi daga Garwa

Allah ya saka muku da alheri. Mun je da mai masaukinmu, mai gyaran ya ce gaskiya ba a samu wilin ba. Mun daidaita, shi ya yi wankin hob a gabana, feda ta daina sullewa. Gefen birki lafiya lau, tsagar ba ta haɗa ramuka ta ciki ba, mafi tsawo kusan milimita 8. Mun samu rim 622 na aluminiyam a jikin wilin gaba na wani keken gwanjo, amma raminsa 32 ne. Akwai kuma cikakken wilin baya mai firiwil 6, sifok 36, sai dai ya ɗan karkace. Yaya na Marwa, wanne zan ɗauka?

Mai gyaran keke, Marwa

Alhamdu lillahi. Mai rami 32 ka bar shi. Hob mai 36 da rim mai 32 ba sa haɗuwa sai da sifok masu tsawo iri-iri, kuma wilin ba zai ɗauki kaya ba.

Wilin bayan nan shi ne abin dubawa, amma ba don ka hau shi yadda yake ba, don rim ɗinsa. Tabbatar 622 ne, aluminiyam. A sassauta sifok ɗinsa duka, a cire rim, a kwantar da shi a kan shimfiɗaɗɗen siminti ko gilashi. In ya kwanta ko'ina, ko ya ɗaga da bai wuce milimita 2 ko 3 ba, karkatar daga sifok take, rim ɗin lafiya. In yana rawa kamar faifai, an taɓa buge shi, ba zai miƙe ya zauna ba. In ya yi kyau kuma zurfinsa ya zo daidai da naka, a mayar da shi kan hob ɗinka ta hanyar da na faɗa. Ka tsira da kaset ɗinka, da sarƙarka, da giya 34 na hawan dutse. In zurfin bai zo ɗaya ba, sai a mayar da shi kan hob ɗinsa a bi shawarar ɗan'uwanmu na Ngaundere.

Wurin ɗauri, a ɗiga mai a kan zaren kowane sifok. A fara daga ramin bawul, a shigar da kowanne har zaren ya ɓace, sannan a riƙa ƙara rabin zagaye ana kewayawa. Na ɓangaren sarƙa sun fi ɗauri, kuma yawanci sun fi na hagu gajarta da milimita 1 ko 2, kada a cakuɗa su. Rim ya tsaya tsakiyar firam, ba tsakiyar hob ba: sa wilin, auna tazara dama da hagu, juya shi baibai ka sake aunawa, su zo ɗaya. Bayan kowane zagaye kama sifok bibbiyu ka matse da ƙarfi, su zauna. Wilin da ba a yi wa haka ba zai yi ƙara a kilomitan farko ya sake karkacewa. A yi amfani da makullin sifok na gaskiya, filaya tana cinye kawunan.

Sifok ɗin da suka rage daga wilin gwanjon, zaɓi shida masu tsawon naka ka ɗaure a jikin firam. In sun fi tsawo, yanke kan, lanƙwasa bakin sau biyu kamar ƙugiya, zai shiga ramin hob ta bayan kaset ba sai an cire ta ba. Na babur kada ka karɓa, sun yi kauri. Duba ramin bawul ma: in tub ɗinka mai siririn bawul ne, ramin kuma babba, sa ɗan guntun roba a bakin don kada ya yanke shi.

Kafin ku kama hanya, ɗora kayan duka ka yi kilomita 20 zuwa 30 a kusa da gari, ka dawo a sake duba ɗaurin sifok da motsin kon. Iska kada ta wuce abin da aka rubuta a gefen taya. Rim ɗin Ngaundere kuma kada ka fasa yin odarsa, a ajiye maka shi, wannan na gwanjo ba ka san shekarunsa ba. Kowace safiya juya wilin ka kalli tazararsa da robar birki, ka bi ramukan ɓangaren sarƙa da ido ɗaya bayan ɗaya.